Koyon haɗa haƙoran roba a karkarar Jigawa: hannu zai faɗa, amma a gyara tukunyar dahuwa

A wani gari da ke tsakanin Ringim da Gumel akwai ɗakin haɗa haƙoran roba wanda ke karɓar aiki daga likitocin haƙori na manyan asibitocin yankin, yana kuma ɗaukar matasa su zauna wata shida suna koyon aikin hannu. Iyaye da ɗalibai na yawan tambaya ko wurin ya cancanci kuɗi da lokacin da za a zuba masa. Amsarmu ita ce ya cancanta ga wanda yake makarantar wannan fanni ko yake shirin shiga, domin aikin filasta (farin garin da ake kwaɓawa a zuba samfurin baki) da na kaki da jera haƙora da ake koyarwa a can mai kyau ne ƙwarai. Sai dai yadda ake dafa roba a wurin yana da matsala babba, tsaftar teburin goge-goge na buƙatar gyara, kuma takardar da ake bayarwa a ƙarshe ba lasisi ba ce. Mun sakaya sunan wurin saboda waɗannan gyare-gyare, waɗanda duk za a iya yin su cikin mako guda idan an so.

Shago biyu ne a jere da ƙofa a tsakani. Na gaba nan ne teburin kaki da jera haƙora, na baya kuma nan ake kwaɓa filasta, a dafa roba, a goge. Akwai sola da ke ɗaukar fitilu da ƙaramin injin hannu, akwai janareta don injin gogewa. Babu famfo, ruwa daga burtsatse ake kawowa a zuba a randa. Ɗalibai ba sa wuce huɗu a lokaci ɗaya, kowa da atikuletarsa, wato ƙarfen nan mai buɗewa da rufewa da ake ɗora samfurin muƙamuƙin sama da na ƙasa a kai. Wannan ƙarancin ɗalibai shi ne babban abin da ake biya. A makarantu da yawa mutum goma ke zagaye samfur ɗaya suna leƙe, a nan kuwa Malam yana tsaye a kan kowa.

Kafin a kai ga aikin, a fahimci maganar takarda, domin a nan iyaye suka fi asara. Hukumar da ke yi wa masu haɗa haƙora rajista a Najeriya ita ce DTRBN, wadda doka mai lamba 43 ta shekarar 1987 ta kafa. Wanda bai bi ta makarantar da hukumar ta amince da ita ba, ba zai samu rajista ba ko da hannunsa ya fi na kowa. Tsohuwar makarantar wannan fanni ita ce ta gwamnatin tarayya da aka buɗe a Legas a 1955, aka mayar da ita Inugu a 1982, kuma jami'ar fasaha ta tarayya da ke Owerri tana ba da digiri a kansa. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, a Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, sannan a bi ta JAMB. Abin da ke rikita mutane shi ne kwas ɗin mai taimaka wa likitan haƙori a gefen kujera, wanda ake samu a makarantun fasahar lafiya. Wannan aiki ne daban, hukumar da ke kula da shi ma daban, kuma ba ya ba mutum damar buɗe ɗakin haɗa haƙora. Duk makarantar da ta ce tana koyar da haɗa haƙora, a tambayi DTRBN da NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, kafin a biya ko sisi. Mai wannan ɗaki yana faɗa wa iyaye haka tun ranar farko, kuma mun yaba masa, don da yawa ba sa faɗa.

Abu na biyu da muka yaba shi ne ba a taɓa bakin majiyyaci a ɗakin. Likita ne ke duba baki, ya ɗauki awo, ya gwada, ya saka. Mai haɗawa aikinsa a kan samfur yake. Duk wanda ya saba ganin masu sa haƙori nan take a kasuwannin mako ya san abin da ya sa wannan iyaka ke da muhimmanci. Sukan kwaɓa robar sanyi, wadda ke daskarewa ba tare da an dafa ta ba, su liƙa haƙori a jikin maƙwabtansa ta yadda ba ya cirewa, abinci ya taru a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, bayan shekara ɗaya ko biyu haƙoran da suke lafiya lau su fara girgiɗi. Giɓi ɗaya ya zama uku.

Makonnin farko duk a kan awo da filasta suke tafiya, kuma a nan ne wurin ya nuna ya san ƙasar da yake. Awon baki da aljinet ake ɗauka, wato kwaɓi mai laushi da ake dannawa a baki ya ɗauki siffarsa, shi kuwa aljinet yawancinsa ruwa ne. Idan aka bar shi a iska yana tsotsewa, idan aka tsoma shi a ruwa ya daɗe yana kumbura. Ko wanne ya faru, samfurin da za a zuba ba bakin mutumin ba ne kuma. Ƙa'ida ita ce a zuba cikin minti 10 zuwa 15. To awon da ɗan acaɓa ya ɗauko daga asibitin da ke da tafiyar awa guda, a cikin hunturu, gefensa ya riga ya bushe ya janye daga jikin tiren da aka ɗauki awon a ciki kafin ya iso. Maganin da ɗakin ya samo shi ne ranar da likita ke ɗaukar awo, a tura ɗalibi asibitin da garin filasta a aune a leda da kwanon roba da cokalin kwaɓi, ya zuba a can, ya dawo da samfur busasshe. Idan dole sai an yi tafiya da awon, a naɗe shi da bandeji mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, kada tire ya kwanta a kan gefen aljinet ɗin.

Ana koya wa ɗalibi ya auna, kada ya kwaɓa da ido. Farar filasta tana ɗaukar ruwa mililita 45 zuwa 50 ga kowane giram 100. Mai tauri da ake kira siton, wadda ake zuba samfurin aiki da ita, mililita 28 zuwa 30 ce. Ruwa ake fara zubawa, sannan a barbaɗa gari a kai, a bar shi ya jiƙa, a kwaɓa minti guda ana goga shi a jikin kwano. Idan ruwa ya yi yawa samfur zai fito da laushi, haƙora su riƙa marmashewa a ƙarƙashin wuƙa. Idan ya yi kaɗan ba zai gangara cikin ramukan haƙora ba. Babu na'urar girgiza a wurin, don haka a gefen tebur ake bubbuga tire, a fara zubawa kaɗan-kaɗan daga turmin ƙarshe na gefe ɗaya, kwaɓin ya bi haƙori bayan haƙori yana korar iska a gabansa. Ɗalibin da ya tula kwaɓi a tsakiya lokaci guda zai ga ramin kumfa a kan tsinin fiƙa, kuma Malam ba ya yarda a cike ramin, sake zubawa ake yi. Ana raba samfur da awo bayan minti 45 zuwa awa ɗaya. Wanda ya bar shi ya kwana zai tarar aljinet ya tsotse ruwan saman siton ya bar shi gari-gari, ya kuma yi taurin da zai karya haƙoran gaba wajen cirewa. A bazara ruwan da ya sha rana yana sa aljinet da filasta su kama kafin a gama, shi ya sa na randa kawai ake amfani da shi.

Tiren musamman da ake yi wa kowane baki don likita ya ɗauki awo na biyu, ana yin sa daidai. Ana barin fili na kimanin milimita 3 idan da aljinet za a sake awon, ko a yi shi manne da samfur idan da man zinki ne, wani man ɗaukar awo na daban. Bakinsa yana tsayawa milimita 2 kafin ƙarshen lungun da ke tsakanin dasashi da leɓe, a yanke masa hanya a inda jijiyoyin leɓe da na kumatu suke. Ba mu ga abin gyara a nan ba.

Aikin kaki shi ne inda hannun Malam ya fi fitowa. Tubalin kakin da likita ke auna cizo da shi ana gina na sama da tsayin kusan milimita 22 daga lungun leɓe a gaba, na ƙasa kusan 18, faɗinsa ya fi ƙanƙanta a gaba ya ƙaru wajen turame. Waɗannan lambobi na farawa ne, likita zai rage ko ya ƙara. Zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana lanƙwasa kaki a kan tebur ba tare da an kai shi kusa da wuta ba. Don haka a ɗakin duk aikin kaki yana zaune a kan samfurinsa, idan an tashi sallah a tsoma shi a kwanon ruwan sanyi, idan za a kai asibiti a sa a roba mai murfi a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗalibin da ya koyi wannan ya tsira daga kuskuren da ke sa a sake aiki daga farko.

Jera haƙora ana farawa da manyan na gaba guda biyu na sama, a bi layin tsakiyar fuska da likita ya zana a kaki. Turamen ƙasa dole su zauna a kan tsakiyar tudun dasashi. Idan suka fita waje, haƙorin zai riƙa ɗagawa ta ɗaya gefen duk lokacin da aka tauna, idan suka shiga ciki su takura harshe. Ba a jera turmi a kan gangaren da ke hawa a ƙarshen muƙamuƙin ƙasa, gara a cire turmi ɗaya daga jerin kowane gefe da a ɗora shi a can ya riƙa tura haƙorin gaba. Tsakanin na sama da na ƙasa kuma, idan baki yana hutawa, sai an sami sarari na milimita 2 zuwa 4. Idan babu shi, haƙora za su riƙa ƙwas-ƙwas in ana magana, dasashi ya yi ta ciwo, tsoho ya cire ya ajiye a aljihu.

Ana kai ɗalibai su kalli gwaji a asibiti, kuma nan ma akwai abin da littafi bai faɗa ba. Littattafan fannin suna cewa a sa mutum ya furta harafin f a ga ko haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. Bahaushen Kano da Jigawa da leɓɓa biyu yake furta wannan harafi, haƙori ba ya shiga ciki, don haka gwajin ba ya nuna komai. Abin da ke aiki shi ne a ce, "Baba, a ƙirga mana daga sittin zuwa saba'in," a saurara ko akwai fito ko haƙora na karo. Kan launi kuma, ana nuna wa ɗalibi yadda zai zaɓi haƙorin da ya dace da sauran da goro ya rina, a maimakon fari tas da kowa zai gane daga nesa. Hajiyar da ke da wushirya tun tana budurwa, a tambaye ta ko tana so a mayar mata da ita, sau da yawa tana so.

Ƙugiyar da ke riƙe haƙorin ɓangare, wato wanda ke cike giɓi, a jikin sauran haƙora, da wayar ƙarfe mara tsatsa ake lanƙwasa ta, mai kaurin milimita 0.7, a turame a ɗan ƙara kauri. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarshenta ne kawai ke shiga ƙarƙashin tumbin haƙori, kuma ba a lanƙwasa waya a mayar a sake lanƙwasawa a wuri ɗaya, domin nan za ta karye bayan wata biyu a baki. Ɗalibai suna samun horo sosai a wannan. Abin da ya rage shi ne babu na'urar da ke zana layin tumbin haƙora a kan samfur, da fensir da ido ake yi. Sakamakon haka wani lokaci ba a toshe lungunan da roba bai kamata ta shiga ba, haƙori ya ƙi zama, likita ya yi ta sassaƙa har riƙon ya tafi. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa sai ya nemi wannan na'ura a wani wuri.

Yanzu ga inda matsalar take. Binne aiki a cikin filas, wato akwatin tagulla mai rabi biyu, ana yin sa da kyau. Ana tsoma filas a tafasasshen ruwa minti 4 zuwa 5 don kaki ya yi laushi, a buɗe, a ɗauke shi dunƙule, a wanke ragowar da ruwan zafi da ɗan sabulu. Idan aka wuce wannan lokaci kakin zai narke ya shige cikin filasta, ruwan rabawa, wanda ke hana roba manne wa filasta, ya ƙi kamawa. Shi ruwan rabawar ana shafa shi a filasta kaɗai, kada ya taɓa gindin haƙora, domin shi da ragowar kaki su ne ke sa haƙori ya fita daga roba rana ɗaya ana cin nama. Duk wannan ana koyar da shi. Kwaɓin roba ma haka: gari kashi 3, ruwan kwaɓinsa da ake kira monoma kashi 1 a ma'aunin cika, ko yadda kamfani ya rubuta, a kwalbar da ke da murfi. Yana bin matakai, daga yashi-yashi, zuwa mai zare, zuwa lokacin da ya zama kamar kwaɓin fulawa da ya daina kama hannu, daga nan ya yi danƙo, ya yi tauri. A mataki na uku ake cusawa. Da zafi wannan mataki yana zuwa da wuri ya wuce da wuri, shi ya sa ake sanyaya kwalbar a ruwan randa, kuma ba a cusa roba a filas da bai huce ba. Ana matsawa a hankali da leda a tsakani, a buɗe, a yanke abin da ya fito gefe, a sake, har ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Abin da aka bari a gefe shi ne ke ƙara tsayin cizo.

Daga nan sai a ɗora tukunya a kan gas, a buɗe wuta, ruwa ya tafasa cikin ɗan lokaci, a bar shi yana tafasa kamar rabin awa, a sauke. Babu ma'aunin zafi a ɗakin. Wannan kuskure ne, kuma ɗalibai suna ɗauka haka ake yi.

Ga dalili. Sinadarin da ke tayar da daskarewar roba yana fara aiki ne idan zafi ya haura digiri 60. Da zarar ya fara, robar da kanta tana fitar da zafi, filasta kuma ba ta barin zafi ya fita da sauri. Idan ruwan da ke waje ya riga ya kai 100, cikin robar zai wuce haka sosai. Monoma kuwa yana tafasa ne kaɗan sama da digiri 100. Sai ya tafasa a cikin robar tun ba ta daskare ba, ya bar ƙananan kumfa a inda ta fi kauri, wato gefen harshe a haƙorin ƙasa da bayan turamen sama. Ganɗar haƙorin sama, da yake siririya ce, takan fito lafiya, shi ya sa wanda bai sani ba zai ɗauka aiki ya yi. A ɗaga haƙorin ƙasa a hasken rana a duba wurin kaurin, za a ga fari-fari a ciki. Wannan wuri ba shi da ƙarfi, idan gogewa ta kai kansa ramukan su buɗe, su riƙe abinci da launin goro da wari, su zama gidan ƙwayar da ke sa ganɗa da dasashi su yi ja. Gajeriyar dahuwa kuma tana barin monoma da bai daskare ba. Robar da ta dahu daidai ragowar monomanta kashi 0.2 zuwa 0.5 ne cikin ɗari, ta sanyi kuwa 3 zuwa 5, kuma wadda aka gaggauta tana matsawa wajen ta biyun. Shi ne majiyyaci ke cewa bakinsa na zafi ko yana jin ɗanɗanon magani.

Gaskiya ne akwai robobin da kamfani ya yi su don a jefa a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, kuma an rubuta haka a jikin gwangwaninsu. Amma garin da ake sayowa a Kano a ƙulle a leda ba tare da takarda ba, ba a yi masa wannan zato. Hanyar da aka sani biyu ce: digiri 74 na awa 8 ko fiye, ko kuma digiri 74 na awa 2 sannan a tafasa awa 1. Ta biyun ana iya yin ta a ƙauye ba tare da wutar lantarki ba. A sami babbar tukunya, domin ruwa mai yawa ya fi riƙe zafi wuri ɗaya. A sa ɗan ƙarfe ko bulo a ƙasa don kada filas ya zauna a kan gindin tukunya. Ruwa ya rufe filas da matsewarsa gaba ɗaya. A fara da ruwan sanyi da ƙaramar wuta, a rataya ma'aunin zafi, a ɗauki kamar rabin awa kafin a kai 74, a rage wuta, ɗalibi ɗaya ya riƙa dubawa duk minti 10 yana rubutawa. Hujjar da ake bayarwa ta gaggauta dahuwa ita ce tsadar gas, amma ƙaramar wuta ba ta cin gas sosai, kuma ana iya tara filas uku ko huɗu a dafa rana ɗaya. Haƙori ɗaya da aka dawo da shi a karye ya fi wannan gas ɗin tsada. Gawayi bai dace ba don ba a iya riƙe zafinsa.

Hucewa ma ana gaggauta ta. Mun ga ana cire filas daga tafasasshen ruwa a jefa a bokitin sanyi. Roba da filasta ba sa tsukewa daidai da juna, saurin sanyi yana barin ɗauri a cikin robar, daga baya ta murɗe, ganɗa ta daina mannewa. A bar filas a kan tebur minti 30, sannan ruwan sanyi minti 15. Mafi kyau a kashe wuta da yamma a bar shi a tukunyar sai da safe.

Gogewa hannun ɗalibai na faɗawa da wuri. Ana barin ganɗa da kaurin milimita 2 zuwa 2.5, ba a goge cikin da ke kwanciya a kan dasashi, sai dai a bi shi da auduga, inda ta maƙale akwai ƙurji a cire. Garin gogewa dole ya kasance a jiƙe, don busasshe yana ƙona roba ya lanƙwasa ta. Abin da bai yi ba shi ne kwano ɗaya ake goge sabon aiki da tsohon haƙorin da aka ciro daga baki don gyara, kuma garin yana kwana da kwanaki a jiƙe. Ta nan cuta ke tsallakawa daga baki zuwa baki. Kwano biyu ake buƙata, da buroshi biyu, a zubar da na gyara kullum. Duk awo ko haƙorin da ya shigo a wanke shi, a kashe ƙwayoyin da ke jikinsa da bilic mai ƙarfin 0.5 cikin ɗari na minti 10. Idan gorar ta ce 3.5, kashi 1 na bilic ne da 6 na ruwa. Ana yin haka ga awo a ɗakin, amma ba kullum ga aikin gyara ba. Kwalbar monoma kuma tana zaune a ɗaki ɗaya da gas, alhali abu ne mai kama wuta, tururinsa na sa ciwon kai, yana kuma ratsa safar hannu ta roba cikin ɗan lokaci. Wurinsa shagon gaba, kusa da taga, nesa da fitilar da ake narka kaki da wutarta. Dogon hijabi da hannun riga mai faɗi haɗari ne a gaban injin gogewa da harshen wuta, don haka ɗalibai mata su zo da gajere wanda za a tura cikin rigar aiki.

Gyaran karyayyen haƙori shi ne aikin da ya fi shigowa, kuma ana koyar da shi da hankali: a haɗa ɓarin biyu da kaki mai danƙo da tsinken ashana, a zuba filasta a ciki, a buɗe layin karaya milimita 2 zuwa 3, a zaftare gefensa, a cika da robar sanyi, a bar ta ta daskare a ruwan ɗumi. Abin da ya fi burge mu shi ne Malam yana tilasta wa ɗalibi ya nemi dalilin karayar. Haƙorin sama da ya tsage a tsakiya sau biyu, galibi dasashi ne ya zaizaye, haƙorin yana lilo a kan tsakiyar ganɗa, kuma liƙi na uku ba zai hana na huɗu ba sai likita ya sake awo an yi masa sabon ciki. Wanda aka liƙa da gam a gida sai an yanke duk inda gam ɗin ya taɓa.

Ba a koyar da zubin ƙarfe, ko hular haƙori ta tangaran, ko aikin kwamfuta, domin babu kayansu. Mai son ganin waɗannan sai ya nemi zaman koyon aiki a Kano, a wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta hannun makarantarsa. Masu zuwa neman haƙorin Makka ma ana tura su wajen likita ya fara duba haƙorin, tunda hular da ba ta zauna daidai ba tana ɓoye ruɓa a ƙarƙashinta.

Kuɗin koyo ana biya kashi biyu, kuma ya haɗa da filasta da kakin gwaji, amma ban da masauki da abinci. Ana aiki daga ƙarfe takwas zuwa la'asar, ban da Juma'a da ake tashi da hantsi. Ɗalibi ya zo da wuƙar kakinsa, da ta sassaƙa, da filayar lanƙwasa waya, da tabarau na kariya, da takunkumi mai tare ƙura, domin ƙurar filasta da ta garin gogewa tana taruwa a huhu. Ya fara allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ya zo, guda uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Ya sayi ma'aunin zafi mai kaiwa digiri 110 ya sa a jakarsa, kuma tun wajen biyan kashin farko uba ko yayan da ya rako shi ya nemi Malam ya yarda a riƙa dafa aikin ɗalibai a digiri 74 ana rubuta lokaci a littafi.